Gaisuwar da Ta Kusa Tsayar da Zuciyar Inna

Da sunan Allah da ya halicci giwa, ya halicci abin da idon giwa ba ya gani. Ya ɓoye birni cikin tsoka, ya ɓoye ma'aikata cikin birni, ya bar bawa yana yawo da su duka bai san da zamansu ba. Bayan haka, ku matso kusa, ku gyara zama. Ni ne Mantau ɗan Korau, mutumin Tudun Gishiri da ke bayan Tafkin Toka, kuma inda zan kai ku da ƙafata na taka shi. Mai niyyar ƙaryata ni ya ƙaryata tun yanzu mu wuce wurin, don ni ba na son a katse ni a tsakiyar magana.

Innata, Tabawa, mace ce da ba a taɓa kama ta a zaune da rana ba. Sai ga shi wata shekara ta fara haki. Ta ɗauko ruwa daga rijiya, ta dire a rabin hanya, ta dafe ƙirji tana cewa zuciyarta na tuntuɓe. Ni ne ɗanta na fari, ni ne kuma na ƙarshe, ko sunana ba ta kamawa saboda kunya, sai dai ta ce "kai wannan". Ranar da na gan ta jingine da bango leɓunanta sun yi fari, wallahi tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ɗora ta a takarkari, na rantse ba zan koma gida ba sai na san abin da ke cin zuciyar nan.

Muka ratsa ƙasar Lallami, inda masu magani ke durƙusa wa cuta suna roƙonta ta fita don girman Allah. Suka jeru gaban ƙirjin Inna suna magiya har muryoyinsu suka dushe, cuta ko gezau. Muka ratsa Kwarin Kuwwa, inda dutse ake kai wa kuka. Na ce, "Me ke damun uwata?" Dutse ya ce, "Uwata." Mutanen wurin suka ce to ka ji, shi ma tasa ba lafiya, sai haƙuri. Na wanke su tas, muka yi gaba.

Can ƙarshen ƙasa, inda hanya ta gaji ta kwanta, muka iske wata tsohuwa mai goge gilasai, ana ce mata Goggo Shekara. Ba ta ko bari na gama bayani ba, ta sa tsinke ta kankaro wani farin abu daga cikin kumatuna, ta shafa a gilashi, ta ce in leƙa ta cikin wani bututu. Na leƙa. Jama'a, sai ga gari da ganuwarsa, abubuwa na ta kai da kawowa a ciki.

Ta ce, "Wannan ita ce ƙwayar halitta. Kai da kake ta cika mana baki, irinsu aka tara aka yi ka, ba su ƙirguwa. Zuciyar uwarka ma su ne. Sai dai gilashina ba ya ratsa ƙirji. In kana son ka san abin da ke faruwa, sai ka shiga."

"In shiga ta ina, Goggo?"

"Ta baki mana. Ta ina ake shiga mutum? Amma sai ka ƙanƙan da kai."

Na durƙusa. Ta ce ba wannan ba. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Mai kunnuwan faifai. Mai tafiyar agwagwa. Gemu ya zo, hankali yana hanya." Jinina ya tafasa, amsa ta zo mini baki, irin wadda in na sake ta sai an raba mu. Na waiwaya na ga Inna kwance tana haki, na haɗiye. Ina haɗiyewa sai na gan ni daidai ƙugun tsohuwar. Ashe haka abin yake, duk zagin da ka haɗiye sai ka ragu. Goggo kuwa Allah ya hore mata baki. Ta zagi hulata, ta zagi muryata, ta zagi yadda nake tauna goro, ina haɗiya ina motsewa, har ƙwayar gero ta zame mini dutsen da ba ya hawuwa.

Muryarta ta sauko mini daga sama: "Ka kiyaye! In girman kai ya taso maka a ciki, za ka kumbura ka fasa mata zuciya." Daga nan ta hure ni cikin ludayin kunu, ta ce, "Tabawa, daure ki sha."

Labarin tumbi da hanji ba zan ba ku ba, akwai waɗanda ba su ci abinci ba a cikinku. Na dai sulale ta bangon hanji na faɗa kogin jini, na maƙale a jikin wani jan kwalekwale, irin masu dakon iska daga huhu. Muna tafiya na fara jin ganga, dum-dum, dum-dum, duniya duka tana girgiza da ita. Can sai gangar ta yi tuntuɓe, ta ɗan yi shiru, sannan ta ci gaba. Na ce ga inda na zo.

Ƙasar zuciya birane ne dogaye, kowanne ya haɗa kai da na gabansa, kuma kowane birni ƙwayar halitta ɗaya ke nan. Na nufi na kusa. Ganuwarsa ba ta ƙasa ba ce, ta maiƙo ce ruɓi biyu, tana ta rawa kamar saman miya. Iska ce kawai ke ratsa ta ba sallama. Kowa ban da ita sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa da kayanta: ta gishiri daban, ta ruwa daban, ta sukari daban. Abin da ya fi ɗaure mini kai, mai gadin shi ne ƙofar. In ya yarda da kai sai ya buɗe cikinsa ka wuce.

Na yi sallama. Mai gadin ƙofar sukari ya ce, "Wace irin ƙwaya ce kai? Ta sukari, ta gishiri, ko ta cuta?"

"Ni za ka tambaya? Ɗan masu gida ne ni!"

Kafin in rufe baki na ji kafaɗuna sun fara cika. Na tuna da gargaɗin Goggo, na yi maza na sunkuyar da kai. "Ta sukari ce, ranka ya daɗe."

Ya lashe ni, ya ji sauran kunu a jikina, ya yamutsa fuska. "Sukarin yanzu ko zaƙi babu. Shige." Ya buɗe ciki na wuce, kuma wannan lasar har yau ban yafe ba.

Abin da ya cika birnin ba iska ba ne, ba ruwa ba ne, wani abu ne mai kauri kamar koko ya kwana, iyo ake yi a ciki. An ɗaɗɗaura igiyoyi daga wannan unguwa zuwa waccan, 'yan dako na tafiya a kai. Ku ji 'yan dakon: ƙafa biyu ne kawai, ba kai ba wuya, kowanne da ƙunshin da ya ninka shi girma. Na ce, "Sannunku da aiki." Ba wanda ya tanka. Na ce to ba su da baki ne. Na wuce wasu masu baki, na gaishe su, su ma shiru. Ban taɓa shiga garin marasa tarbiyya irin wannan ba.

A tsakiyar gari akwai wani katafaren ɗaki zagayayye mai 'yan tagogi birjik. A ciki Uwar Ɗaka take, ita ce mai garin, kuma ba ta taɓa leƙo waje ba. Na leƙa ta taga. Ɗakin cike yake da wata igiya mai tufka biyu, an nannaɗe ta har rufi, jikinta duk ƙulli. Kowane jerin ƙulli yana faɗin yadda ake yin abu guda a garin. In ana bukatar sabuwar ƙofa ko sabon ɗan dako, sai Uwar Ɗaka ta warware daidai wurin, a kwaikwayi ƙullin a wani ɗan zare, a zuro shi ta taga. A waje masaƙa na jira, ƙanana, sun fi kowa yawa. Su cafke zaren, su bi shi suna laluben ƙulli suna jera duwatsu iri-iri, jerin ya nannaɗe kansa ya miƙe ya kama aiki, ko na gode babu. Abin da za a aika nesa kuma sai a kai shi unguwar masu ƙunshi, a naɗe a ɗora wa 'yan dako.

Na sa baki a taga na ce, "Ranki ya daɗe, me ya sa gangar garin nan ke tuntuɓe?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ni tsari nake bayarwa, ba ƙarfi ba. Je ka wurin masu murhu."

A hanya na ga gangar da idona. Ashe ba ganga ba ce. Wasu manyan igiyoyi ne da suka bi tsawon birnin, majiya ƙarfi sun jeru a jikinsu. Su ja gaba ɗaya, gari ya tsuke. Su saki, gari ya miƙe. Haka sauran biranen ke yi a tare, shi ne bugun da kuke ji in kun dafa ƙirji. Kafin kowane ja, sai kowannensu ya haɗiyi ɗan garwashi guda. Na tsaya ina kallo, sai na ga wasu sun miƙa hannu garwashi bai iso ba, ja ya makara. Tuntuɓen Inna ke nan.

Na bi sawun garwashin har gidajen masu murhu. Gidaje ne masu siffar wake, katanga biyu, ciki lungu bayan lungu. Masu karatu, in ji Goggo Shekara daga baya, maitokondiriya suke ce musu, sunan da sai ka sha ruwa kafin ka kai ƙarshensa. A kowane lungu tsofaffin mata ne a tsugune da mafici. Su karɓi sukari, su karɓi iska, su ƙona ba hayaƙi, su fitar da garwashin da duk garin ke aiki da shi, tun daga masu gadi har Uwar Ɗaka. Sun rame, gumi na zuba, hannu bai tsayawa. Tausayinsu ya kama ni sosai. Na gaishe su, ba su amsa ba, ban ma ji haushi ba. Na ga ba mai lokacin yi mini bayani, sai na juya zan fita, na ce abin da duk ɗan halas ke cewa in zai bar masu aiki:

"To, a huta gajiya."

Mafitai suka tsaya cak.

Wata daga lungu ta ce, "Me ka ce?"

"Na ce a huta gajiya."

"Mene ne huta?"

Ni kuwa mutum ne mai son ilmantar da jama'a. Na ce, "Hutu ai shi ne mutum ya ajiye abin da ke hannunsa, ya miƙe ƙafa, ya lumshe ido."

"Daga ina kake?"

"Daga wurin Uwar Ɗaka."

Suka dubi juna. Wata ta ce, "Daga ɗaka saƙon ya fito." Sai na ji mafitai suna faɗuwa, tsofaffi suna miƙe ƙafa suna cewa wash.

Don Allah ku gaya mini, ina laifina a nan? A garinmu wa ya taɓa hutawa don an ce masa a huta gajiya? Cewa yake yi "gajiya ta bi lafiya", ya ci gaba da abin da yake yi. Na san zan faɗa garin da ba a taɓa gaishe su ba, har su ɗauki gaisuwa umarni?

Tsakanin birni da birni akwai 'yan ƙofofi da labari ke wucewa, don a riƙa ja tare. Ta nan maganar ta bi. Ina ji ana ta shela tana nisa: "An ce a huta! An ce a huta!" Wuta ta fara lumshewa. 'Yan dako suka sandare a kan igiya da ƙafa ɗaya a sama. Masaƙa suka saki zare. Majiya ƙarfi suka ja, suka saki, suka daɗe, suka ƙara ja da ƙyar, sannan ban sake jin komai ba. Sanyi ya fara shigowa. Uwata ce ke mutuwa, ni kuma ina tsaye a cikin zuciyarta.

Kamar wannan bai isa ba, sai ga masu shara sun doso. Su tukwane ne masu yawo, cikinsu wani ruwan tsami da ke narkar da duk abin da ya daina aiki. Suka kewaye gidan murhun da nake ciki, suka fara shinshina katanga.

Na yi ihu, "Ku tashi! Gaisuwa ce!" Ba wadda ta motsa. Na daka tsawa, "Ni Mantau na ce ku tashi!" Nan take na kumbura har kaina ya daki rufi, katanga ta yi ƙara. Na haɗiye, na dawo daidai. Na durƙusa ina roƙo, ina kuka wiwi, ba na jin kunyar faɗa.

Sai wadda ke kwance kusa da ni ta ce, ido a rufe, "Kai, rufe mana baki, mai kan tulu."

Duk duniya mutum ɗaya ke kirana haka, Kaka Ladingo, mahaifiyar Inna, wadda da hannuna na zuba mata ƙasa. Na duba da kyau, ga wushiryarta. Na duba ta kusa da ita, ga wushirya. Duk gidan wushirya.

"Kaka?"

"Da wa kake tsammani? Masu murhu ta wajen uwa ake gadonsu. Ubanka ko mafici ɗaya bai kawo ba. Daga uwata zuwa ni, daga ni zuwa Tabawa, daga Tabawa zuwa kai. Duk waɗannan da ka gani kakanninka ne."

"To Kaka, don Allah don Annabi ki tashi, 'yarki za ta mutu."

"Tun tana ciki nake fifita wutar nan. Yau na ɗanɗana abin da ake ce wa hutu, ba mai tashe ni." Ta juya mini baya.

Tukunyar shara ta fara lasar ƙofa. A nan Allah ya ba ni dabara. Tun yaushe jika ke roƙon kaka? Ai ba haka muke da ita ba. Na share hawaye, na miƙe, na riƙe ƙugu.

"Sannu da hutawa, amarya! Ashe dama raguwa na aura ban sani ba? Da ranki ma tuwonki gudaji ne, yanzu wutar ma ta gagare ki. Je ki, na sake ki. Kakata ta wajen uba, Kande, ko a kabari ta fi ki iya hura wuta."

Ido ɗaya ya buɗe. "Wa? Kande? Mai miya kamar ruwan wanki?"

"Ita fa. Ita ba ta kwanciya da rana."

"Ka ji mini ɗan banzan miji! Sakin wa? Kai da ko ɓarin goro ba ka taɓa kawo mini ba?" Ta yunƙura ta rarumi mafici. "Ku tashi ku kama mini shi!"

Tsofaffi suka miƙe gaba ɗaya. Na zura da gudu, amma ban nufi ƙofa ba, murhu na riƙa kewayawa. Su kawo duka in goce, iskar mafici ta faɗa kan toka. Su sake kawowa in sunkuya, garwashi ya yi ja. Suna bina suna zagi, har da na kakannin da ban taɓa jin sunansu ba, ina haɗiyewa ina ƙara ƙanƙancewa, dukan na ƙara kuskure ni. Na bi lungu-lungu ina yi musu gwalo, ba murhun da ban kewaya ba. Sai wuta ta kama, bal! Garwashi ya fara fita. 'Yan dako suka sauke ƙafar da ke sama. Masu shara suka ja da baya suna gunaguni. Ta 'yan ƙofofin nan kuma sabon labari ya bi, ya fi na farko gudu: "An ce Kande ta fi mu!" Ina jin tsofaffin birane na nesa suna tashi suna salati.

Dum.

Na tsaya ina saurare.

Dum-dum. Dum-dum.

Na zauna daɓas. A nan Kaka ta cim mini. Ta kama kunnena da hannu ɗaya ta murɗe, ɗayan yana ta fifita.

Na ce, "Kaka, ja ki more. Amma ki gaya mini abin da na zo nema. Me ya sa garwashi ba ya isa?"

Ta juya kaina da kunnen zuwa rumbunsu. 'Yan ƙwayoyin sukari ne a ƙasa, ba su rufe gindin rumbun ba.

"Da me za mu hura? Itacenmu abin da Tabawa ta ci ne. Abin da ke zuwa ba ya kai mu yamma, har mun fara ƙona mata naman jikinta. Ita kullum na ƙoshi, na ƙoshi. Mu da ke ciki mun san ƙarya take. Tun shekarar fari ta koyi tura kwano gaba, fari ya wuce, ita ba ta daina ba. Gaban wa take tura shi, mai kan tulu?"

Babu zagi a maganar, amma sai da na ƙara raguwa.

Ta saki kunnen, ta shafa shi kaɗan. "Tashi ka tafi, kana tare mana iska. Kuma kada ka gaishe da kowa a hanya."

Masu ƙunshi suka naɗe ni kamar ƙullin daddawa, ɗan dako ya kai ni ganuwa, ganuwa ta tofar da ni cikin jini. Kogi ya kai ni huhu, na yi ta susar bango har Inna ta yi tari, na faɗo kan gilashin Goggo Shekara. Ta hango ni ta bututunta, ta fara yi mini kirari: "Mantau na Korau, gagara gasa, namijin da ya shiga zuciya ya fito!" Abin kunya, ba ta kai baiti na uku ba na dawo girmana, har da ɗan ƙari.

Na iske Inna zaune, an jingina ta da buhu. Goggo ta ce ɗazu Inna ta tafi, har ita Goggon ta kai hannu za ta rufe mata ido, sai ta dawo. Inna ta dube ni ta ce, "Kai wannan, me ka taɓa a ciki? Na ji komai ya yi tsit, har wani daɗi na ji."

Na sosa ƙeya. Goggo ta kawo mana tuwo a kwano ɗaya. Inna ta yi loma biyu, ta suɗe hannu, ta turo kwanon gabana.

"Na ƙoshi."

Na mayar mata. Ta turo. Na sake mayarwa, na dafe shi.

"Yau kuma rashin kunya za ka yi mini a gidan mutane?"

"Inna, ba ke na ba wa ba. Na matata ne da ke ciki."

"Wace matar kuma?"

"Mai wushirya. Mai ce mini kan tulu."

Hannunta ya tsaya a gefen kwanon.

"Ka gan ta?"

"Har ta ja mini kunne. Ga shi bai huce ba."

Ta kai hannu ta taɓa kunnen, ta ji zafinsa. Muryarta ta yi ƙasa. "Ta ambace ni?"

"Ta ce ki daina yi mata ƙarya. Yunwa take ji."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ni da Goggo muka kau da kai. Da ta buɗe, sai ta jawo kwanon gabanta, ta yi bisimilla, ta ci, hawaye na ɗiga a miya ba ta share ba. Ta cinye tas, ta kankare gefe, sannan ta ɗaga kai a kunyace.

"Goggo, akwai saura a tukunya?"

Goggo Shekara ta tashi ta ɗauko tukunyar gaba ɗaya. Iyakar abin da na gani ke nan, jama'a. Abin da ya fi shi ƙanƙanta, Allah ne masani.